Hanyar Da Ba Ta Da Ƙura: Zaman Yau Da Kullum A Jirgi Daga Ikko Zuwa Burutu



Mu 'yan tudu, in aka ce hanya, sai zuciyarmu ta tafi kan kwalta da ƙura. To, yau ina so in ba ku labarin wata hanya wadda ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. A bayan gaɓar tekun Nijeriya akwai tafkuna da mashigan ruwa da suka sarƙu da juna, har mutum yana iya tashi daga Ikko, ya wuce Epe da tafkin Lekki, ya ratsa ƙasar Ilaje ta Jihar Ondo, ya faɗa kogin Benin, ya ɓulla Escravos da Forcados, ya sauka Burutu, bai taɓa fita cikin teku ba. Ta yamma kuwa, ruwan Badagry yana kai mutum har Porto-Novo a Jamhuriyar Benin. Kada ku ce abin bai shafe mu ba. A zamanin Turawa, gyaɗa da audugar da kakanninmu suka noma, wadda aka ɗauko ta Binuwai da Kwara tun daga Garwa da Yola, a Burutu ake sauke ta, a ɗora wa manyan jiragen teku.

Na bi wannan hanya cikin wani jirgin kaya na katako, mai rumfa da inji a baya. Abin da na fara koya shi ne, a can agogo ba shi da sarauta. In an kusanci bakin kogunan, teku takan cika ta kuma janye sau biyu a kowane yini da dare, kowace rana lokacin yana jinkirta da kamar minti 50, ƙarfinsa kuwa ya fi yawa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Saboda haka matuƙi ba ya ce muku za a tashi ƙarfe kaza. Sai ya dubi laka a gindin itatuwa, ya ce a jira. Wanda ya yi gaggawa ya shiga mashigi ruwa na janyewa, to, sai jirginsa ya zauna bisa laka, shi da fasinja su yi ta fama da sauro har ruwa ya komo.

Da asuba aikin farko shi ne kwarfe ruwan da ya tsattsafo cikin dare, don jirgin katako ba ya rabuwa da yoyo. Sa'an nan a duba inji, a auna man da ya rage, a kunna risho a dafa shayi. Abinci bai wuce garin rogo da ƙyafaffen kifi da manja ba, sai ko abin da mata suka kawo talla cikin kwalekwale, su raɓo jikin jirgi a yi ciniki ana tafiya. Abin mamaki, ga ruwa ta ko'ina, amma babu abin da ya kai ruwan sha tsada, domin da rani yawancinsa zartsi ne, gishirin teku ya shige shi. Kowa yana tattalin jarkarsa, in hadari ya taso kuwa, sai a jera robobi a tari ruwan sama.

Da hantsi yaron jirgi yana tsaye a gaba da gora, yana auna zurfi, yana duban gungumen da ya nutse ko komar masunta. A nan na ga iyakar boko. Mashigan nan duk kamarsu ɗaya, itatuwa ne masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo, dama da hagu, ba allo ba alama. Amma matuƙinmu, wanda bai taɓa riƙe taswira ba, ya san kowace kwana da sunanta. Wani abokin gabansa kuma ita ce baƙuwar kainuwar nan mai shunayyar fure, wadda ta shigo ruwan Badagry a shekarar 1984. Takan rufe hanya ruf, ta naɗe farfelar inji, sai an tsaya an sa hannu an ciccire.

Da magariba akan nemi gari a ɗaure jirgi, a kafa gidan sauro bisa buhuna, a rataye fitila don kada wani jirgin ya afko. Garuruwan nan bisa dirkoki aka gina su, yaro yakan iya tuƙi tun kafin ya shiga makaranta. Akwai kuma wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: ba a wuce jirgin da injinsa ya mutu. Namu ya taɓa mutuwa a wurin da ba gida ba kowa, wasu masunta da ba mu jin harshensu suka ja mu har gari, aka ba su kuɗi suka ƙi karɓa.

To, me ya sa na kawo muku wannan magana? Domin yawancinku gobe ku ne masu sa hannu a takardun gwamnati, kuma ma'aikacin da bai ɗauki ruwa a matsayin hanya ba, ba zai tuna da shi ran tsara kasafi ba. Tun 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwan cikin ƙasa, mai hedikwata a Lakwaja, amma doka a takarda ba ta yashe mashigi, ba ta sa wa fasinja rigar ruwa. Garin Ayetoro na ƙasar Ilaje, wanda aka kafa a 1947, teku ta cinye babban ɓangarensa. Kuma masifar lodi fiye da kima da tafiyar dare ba ta Kudu kaɗai ba ce. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a kogin Kwara, wajen Fategi, suna komowa daga biki.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Amma jariri da tsohuwa da ke cikin jirgi ba su iya ruwa ba, fitarsu tana hannun wanda ya ƙidaya fasinja a bakin gaɓa, da wanda ya ba jirgin izini a ofis. In aka tura ɗayanku aiki irin wuraren nan, ina roƙonsa ya bar kujerarsa, ya shiga jirgi ya kwana biyu, ya saurari matuƙa kafin ya rubuta musu doka.