Wankin Ƙoda: Wa Zai Duba Mai Jinya?

Laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Gumel

Mutanen Gumel, da ku da kuka taso daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, barkanku da zuwa. Yau ba zancen ƙuri'a ya tara mu ba, zancen ciwon ƙoda ne, wanda ke cinye gidan talaka tun bai cinye mai ciwon ba.

Ƙoda biyu Allah ya ba ɗan Adam, aikinsu su tace jini su fid da dattinsa ta fitsari. In sun mutu ɗungum, sai a ɗaura mutum jikin inji, jininsa ya fita ta roba a tace shi ya komo. Shi ne ake ce wa wankin ƙoda, ko da yake jini ake wankewa. Ba ya warkarwa, yana riƙe rai ne kurum. Ƙa'idar likitoci sau 3 a mako, kowane zama kamar awa 4, kuma babu ranar gamawa sai in an yi wa mutum dashe.

To, ku 'yan kasuwa ne, mu yi lissafi. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta yi shelar ta rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a waɗansu asibitocinta. Madalla, ba ma raina alheri. Amma 12,000 sau 3 a mako, a wata ya kama 144,000 ke nan, alhali albashi mafi ƙanƙanta da aka yanka a 2024 naira 70,000 ne. Mai auna riɗi da mai sayar da zoɓo ko wannan albashin ba su da shi. Don haka talaka yakan yi wanki ɗaya, ya koma gida ya zauna, sai ƙafa ta kumbura, numfashi ya sarƙe, sa'an nan a sayar da akuya a sake ɗaukarsa.

Ko an ce wankin kyauta ne, ba a rabu da Bukar ba. Ƙoda ita ke umartar jiki ya yi jini, in ta mutu jini ya yi ta ƙarewa, tilas a sayi allurar ƙarin jini ko a nemo mai bayarwa. Ga kuɗin awo, ga kuɗin mota na mutum biyu, domin wanda ya sauko daga inji jiri yake ji, ba ya tafiya shi kaɗai. Wanda aka tura Kano kuwa, fiye da kilomita 100 ne daga nan. Ga kuma ƙishirwa: likita ya ƙayyade masa ruwan sha, a ƙasar da zafin bazara ke wuce awo 40. Yana kallon randa, ba dama.

Amma wanda mahukunta suka manta da shi sarai, shi ne mai jinya. Galibi mace ce, mata ko 'ya ko uwa. Ita ke tashi da asuba ta dafa masa abincinsa dabam, ba gishiri ba kanwa. Ita ke kwana a tabarma a barandar asibiti. Ƙuli-ƙulin da take yi ya tsaya, adashinta ya karye, yarinyar da ke makaranta an cire ta ta riƙe gida. In namiji ne, rumfarsa a rufe ran kasuwa, ko damina ta faɗi gonarsa ba a nome ba. Babu littafin gwamnati da sunanta ke ciki, ba a kuwa taɓa auna nata jinin ba. Wannan ba zalunci ba ne, jama'a?

Dashe fa? Asibitin Malam Aminu Kano ya fara shi tun 2002, amma kuɗinsa miliyoyi ne, kuma bayansa akwai shan magani har ƙarshen rai. Manya sukan hau jirgi su tafi Indiya ko Masar.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin baitulmali ba. A haɗa allurar jini da awo cikin rangwamen, kada a tsaya ga inji kaɗai. Ƙananan hukumomin nan huɗu su sa mota mai ɗaukar masu wanki da masu jinyarsu a ranakun da aka yanka musu, a kuma gina wa masu jinya ɗakin kwana da makewayi. Tun da hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu kashe ƙoda, kuma ba su sallama kafin su shigo, a aiko ma'aikatan lafiya su kafa tebur a kasuwar Maigatari ran Alhamis, su auna jini da fitsari kyauta. Kasuwar da ake karɓar harajin kowane sa da raƙumi ba za ta rasa kuɗin tebur ɗaya ba.

Ku ma ku rage haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan tallan faranti, suna cin ƙoda. Sakatarorin rassa, kowa ya rubuto mana yawan masu wanki a gundumarsa, da inda suke zuwa, da abin da mota ke ci, ba sai da suna ba. Ku kawo ofis kafin taron wata mai zuwa, da shi za mu tafi Dutse.