Keke da tanti a bakin tekun Gana

Wanda ke sha'awar yawon keke a bakin teku har ya kwana a tanti, to ya fara da gajeriyar tafiya. Daga Cape Coast zuwa Elmina bai kai kilomita 15 ba. A Elmina ya tsaya ya ga ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka riƙa tsare bayi, sannan ya miƙe yamma zuwa Brenu ya kwana.

Kada a ɗaura niyya a watan Mayu ko Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a can. Disamba da Janairu sun fi. A yi sammako, domin da rana iskar teku kan taso, ta hana keke gudu. Babbar hanyar Takoradi kuwa ta manyan motoci ce, a kauce mata inda hali ya yi.

Wurin kwana shi ne abin lura. Bakin teku da masu shi. A nemi dattawan masunta, a gaishe su, a nemi izini. A kafa tanti can sama da inda ruwa ya bar shara a kan yashi, in ba haka ba tsakar dare igiya za ta iske mutum a shimfiɗa. Wanka ma sai an tambaya, tekun nan yana ja.

Famfo, kayan faci, gidan sauro da ruwan sha dole ne. Gishirin teku na cin sarƙar keke, don Allah a wanke ta a sa mata mai da an dawo.