Rubuta Sunan Ikkilisiya A Jikin Rumfa: A San Tamfol Kafin A Sayi Sitika



Ikkilisiyoyi da yawa sun haɗa kuɗi sun sayi rumfa, suna ba da haya a lokacin aure, jana'iza ko taron gunduma. Kun san abin da ke faruwa a babban taro: rumfuna iri ɗaya, launi ɗaya, an kwance da yamma kowa yana sauri, sai wata ikkilisiya ta koma gida da tsohuwa mai yoyo, sabuwarta ta bi wata mota. Daga nan sai gardama tsakanin 'yan'uwa. Shi ya sa kuka tambaye mu yadda za a manna suna da sitika. Amsarmu ita ce, ku fara duba irin tamfol ɗinku, domin ba kowane ne ke karɓar sitika ba.

Akwai tamfol mai kauri da santsi, irin na rufe manyan motoci, wanda ake kira PVC. Wannan yana karɓar sitika, amma ba kowace iri ba. A cikin robarsa akwai wani mai da ake sawa domin ta yi laushi. Idan rana ta yi zafi, man yakan tsattsafo ya lalata gam ɗin sitikar da aka yi domin gilashi ko ƙarfe, sai baƙaƙen su yi yauƙi, su tsuke, gefensu ya ɗaga. Saboda haka idan kun je gari wurin masu yanka sitika da kwamfuta, ku ce kuna son wadda aka yi domin tamfol, misali Oracal 451. Masu ɗinka tamfol na manyan motoci ma sukan san inda ake samunta. Shawararmu, kada ku biya kuɗin dukan rubutun tukuna. Ku karɓi baƙi ɗaya, ku manna a gefen rumfar, ku bar shi mako guda a rana ku gani.

Tamfol na leda mai saƙa kamar buhu, irin wanda ƙungiyoyin agaji ke rabawa, mita 4 da 5 ko 4 da 6, gam ba ya kama shi sosai, fenti ma yakan ɓare. Ku rubuta sunan a kan ƙyalle, ku ɗinka a bakin tamfol ɗin, ba a tsakiya ba, domin ramin allura ƙofar ruwa ne.

Tanti na ƙyalle mai kauri kuwa, saƙarsa da maganin hana ruwa da ke jikinsa ba sa barin sitika ta daɗe. A nan sitika ta fi amfani a matsayin ma'auni: a yanke baƙaƙen a cire, a manna sauran, a ɗiga fenti kaɗan kaɗan da soso, sannan a ɓare.

Wasu matasa sun kawo shawarar irin lambar da ake mannawa a rigar ƙwallo. Waccan tana bukatar zafi wajen digiri 150. Leda za ta narke, PVC kuma ya yamutse. Kada dutsen guga ya kusanci rumfarku.

Ga yadda ake mannawa. A wanke wurin da sabulu, ya bushe sarai, a goge da sifirit. Ban da kananzir, domin yana barin maiƙo. A shimfiɗa tamfol a kan tebur ko katako, a ja layi da alli. A yi aikin da safe a inuwa, cikin ɗaki idan lokacin hunturu ne, domin ƙura abokiyar gabar gam ce. Mutum biyu su riƙe, a ɓare takardar baya sannu a hankali, ana dannawa da tsohon katin banki daga tsakiya zuwa gefe. Inda iska ta shiga, a huda sitikar kaɗai da bakin allura a danne. A bar ta kwana biyu kafin a naɗe, kuma a riƙa naɗewa rubutun yana waje, kada a karya tamfol a kan baƙaƙen.

Game da girma, masu rubuta alluna suna lissafin inci 1 na tsawon baƙi domin kowace ƙafa 10 ta nisa. Idan kuna so a karanta daga ƙafa 40, baƙi ya kai inci 4. Manyan baƙaƙe masu kauri sun fi na ado daɗewa, domin siririn layi ne ke fara ɗagawa. Sunan ikkilisiya, ƙauye da lambar rumfa sun isa. Ayoyi masu tsawo a bar su domin tuta.

Lambar da kuka sa a tamfol, ku sa ta da fenti a kowane ƙarfen rumfar, sakatare kuma ya rubuta ta a littafin haya tare da sunan wanda ya ɗauka da ranar da zai mayar.