Karkanda Da Abin Da Ya Rage A Dajinmu



A shekarar 2011, wadda a cikinta aka kafa jami'ar tarayya a nan Dutsin-Ma, masana suka tabbatar da cewa baƙar karkandar yammacin Afirka ta ƙare ƙaf. Ragowarta a arewacin Kamaru take, nan maƙwabtanmu. Aka bi sawunta a 2006, ba a ga ko guda ba. Maharba ne suka gama da ita saboda ƙahonta, wanda ake kaiwa Asiya a yi magani, alhali kuwa sinadarinsa ɗaya da farcen ɗan'adam.

A Afirka ta Kudu kuwa, farar karkanda ta taɓa komawa ƙasa da 100 a dajin Umfolozi. Aka zuba mata masu gadi. Da ta hayayyafa, a shekarun 1960 aka riƙa rarraba ta zuwa wasu gandayen daji, don kada annoba ko harsashi su same ta wuri guda. Yau ta haura 15,000. Amma mayar da dabba inda ta riga ta ɓace, nan wuyar take: baƙaƙen karkanda shida da aka kai Zakuma ta ƙasar Chadi a 2018, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni.

Mu mutanen Kurfi da Dutsin-Ma ba mu da karkanda, sai dai dajin Rugu yana kusa da mu, ga gatarin masu gawayi, ga 'yan bindiga. Muna roƙon masu shirin shiga aikin gwamnati a cikinmu su daina raina aikin gandun daji. Gada da barewar da suka rage, a fara ƙidaya su tun ana ganinsu.