Zaman Gidan Mutane: Nasiha Ga 'Ya'yanmu Masu Tafiya Karatu Jamus

 



Da kwamiti ya nemi in yi magana a kan yaranmu da suka fara tafiya Jamus neman ilimi, sai na ce su nemi wanda ya taɓa zuwa can, domin ni dai iyakata Makka. Daga baya na tuna akwai abin da na sani, wato zaman gidan mutane, tun da ni ma ina yaro aka ɗauke ni daga gaban iyayena aka ajiye ni gidan wani dattijo a Sakkwato don in yi karatu. A kan wannan zan yi magana.

Wani tsohon ɗalibina, mutumin Goronyo, ya samu tallafin ƙaro karatu a Jamus. Kafin ya shiga jami'a sai da ya yi wata shida yana koyon Jamusanci, aka sauke shi gidan wani tsoho da matarsa. Daren farko uwargida ta ajiye burodi da cuku masu sanyi, don yawancinsu da rana suke cin abinci mai zafi. Yaro ya yi kunya irin tamu ya ce ya ƙoshi, yana jiran a sake yi masa tayi. Ita kuwa ta ɗauke kwanonta, domin a wurinsu "a'a" tana nufin a'a. Kwana uku yana kwana da yunwa. In maigida yana magana sai ya sunkuyar da kai don ladabi, shi kuma ya ɗauka yaron ba ya son su ne. Da asuba ya yi alwala ya jiƙa banɗaki, motsinsa ya tashe su daga barci. Saura kaɗan a nema masa wani gida, alhali babu mugu a cikinsu.

Abin da ya gyara zaman shi ne rana ɗaya ya zaunar da su, da guntun Jamusancinsa, ya faɗa masu yadda yake salla, da abin da yake ci, da dalilin sunkuyar da kai. Washegari uwargida ta sayo masa kaskon suya nasa na daban wanda naman alade ba ya taɓawa, ta manna jadawalin lokutan salla a jikin firij.

'Yan'uwa, hulɗa da Jamusawa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa tamu. A watan Afrilu na 1853 Bajamushe Heinrich Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, ya iso Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna kimanin wata guda. An san shi Kirista ne, duk da haka aka ba shi masauki da abinci. Shi kuwa ya zo da Larabci da Hausa a bakinsa, ya zauna da malamai irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, ya duƙufa karanta rubuce-rubucen shugabannin jihadi. Da ya dawo daga Tambutu a 1854 ciwon ciki ya kwantar da shi a Wurno, kuma cikin abin da ya taimaka masa har da dakakkiyar shinkafa da nono da 'ya'yan bagaruwa. Ya ci abincinmu, ya koyi harshenmu, ya koma gida da addininsa.

Akwai kuma ɗaya gefen labarin. Da Barth zai koma Turai a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka 'yanta daga bauta. Dorugu ya sauka gidan iyayen Barth a Hambug, sannan ya zauna shekaru a Ingila wajen wani ɗan mishan mai suna Schön, wanda ya rubuta labaransa a littafin Magana Hausa na 1885. A can aka yi masa baftisma. Ya dawo Afirka, ya ƙare da koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Ban kawo wannan don in zarge shi ba. An raba shi da iyayensa tun yana ƙarami, babu wanda ya yi masa guzuri. Barth ya zo mana da ƙafarsa a kafe, Dorugu ya tafi ba kowa a bayansa. Tambayata ita ce, namu yaran a wane hali muke tura su?

Nasihata gare su guda uku ce. Ta farko, harshe. Kada yaro ya jira sai ya sauka sannan ya fara. Matakan Jamusanci shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma akwai cibiyar Goethe a Legas, ga darussa a intanet na gidan rediyon Deutsche Welle, wanda muke sauraron Hausarsa tun 1963. Ya san cewa "Sie" ake ce wa babba, ba a ce masa "du" sai ya ba da izini. Ya kuma guji kulle kansa a ɗaki yana hira da gida ta waya, domin a teburin cin abinci ake koyon harshe.

Ta biyu, dokar gida. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura. Ƙarfe bakwai a wurinsu ƙarfe bakwai ne. Shara ana rarraba ta, takarda daban, kwalba daban, ragowar abinci daban. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, kuma daga ƙarfe 10 na dare ba a son hayaniya. Namiji ya wanke kwanon da ya ci, wannan ba ya rage masa komai.

Ta uku, ya san abin da ba a saki. Salla, azumi da halal ba su cikin tsumman da ake ɗaurawa ko kwancewa. Ya faɗe su a fili tun ranar farko, da fara'a, ba da faɗa ba. Ya lura lokutan salla suna sauyawa ƙwarai, domin a Disamba rana kan faɗi tun wajen ƙarfe 4 na yamma, a Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Kewar gida ta fi tsanani a wannan duhu na hunturu, saboda haka ya nemi masallaci da abokan kirki da wuri.

Daga ƙarshe ina roƙon ƙungiya abu biyu. A kafa ƙaramin kwamiti na waɗanda suka yi karatu a waje, duk yaron Wurno, Rabah ko Goronyo da zai fita ya zauna da su kafin ya tafi. Sannan iyaye su daina matsa wa ɗalibi da neman aike. A 2024 sai da ɗalibi ya nuna Yuro 11,904 na guzurin shekara kafin a ba shi biza, kuma kuɗin cinsa ne da hayarsa, ba na rabo ba. In kun kira shi, ku fara tambayarsa ko yana cin abinci, ko yana salla, da yadda yake zaune da masu gidansa.

Allah ya tsare mana su, ya dawo da su da ilimi mai amfani, ya kuma maido da zaman lafiya a garuruwanmu.