Fargabar Dandamali a Ranar Gwajin 'Yan Wasa



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wata matsala wadda takan hana masu hazaƙa da yawa shiga fagen wasan kwaikwayo da kiɗa da waƙa, watau fargabar nan da kan kama mutum ranar da ya tsaya gaban alƙalai don a gwada shi, a zaɓe shi ko a bar shi. Sau da yawa akan ga ɗalibi ya haddace rabonsa sarai a ɗaki, amma da zarar an kira sunansa sai bakinsa ya bushe, gwiwarsa ta yi sanyi, abin da ya haddace ya ɓace masa ɗungum. Hausawa kan ce wurin ya yi masa kwarjini. Irin wannan ɗalibi yakan koma gida da zaton ba shi da baiwa, alhali kuwa ba nan gizo ke saƙar ba.

Hujja a kan haka ita ce labarin Laurence Olivier, wanda ake lissafawa cikin manyan 'yan wasan Ingila na ƙarni na 20. A shekarar 1964, bayan ya yi kusan shekara arba'in yana wasa, fargaba ta kama shi a kan dandamali, ta kuma bi shi fiye da shekara biyar. A wasan Othello har ya roƙi abokin wasansa, Frank Finlay, kada ya yi nisa ya bar shi shi kaɗai. Shi da kansa ya ba da wannan labari a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1982. Idan gwani irin wannan bai tsira ba, ashe fargaba ba ma'aunin baiwa ba ce.

To, mece ce ita? A 1915 wani masanin aikin jiki na Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya bayyana yadda jiki kan shirya wa faɗa ko gudu in ya hangi hatsari. Wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda sukan zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, yawu ya ƙafe, jini ya karkata zuwa ga tsokoki. Jiki kuwa ba ya bambanta kura da alƙalai uku masu riƙe da alƙalami. Sai dai wannan shiri ba sharri ba ne gaba ɗaya, domin kaɗan daga cikinsa yakan wartsakar da ɗan wasa ya kaifafa hankalinsa. Ɓarna tana zuwa ne in ya wuce kima.

Ranar gwaji ta fi ranar wasa tsanani saboda dalilai sanannu. Babu sutura ta musamman da mutum zai fake a cikinta, babu 'yan kallo masu dariya da tafi, lokaci 'yan mintoci ne, ga kuma abokan takara zaune a waje. A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi guda: yaron da aka yi wa tarbiyyar sunkuyar da kai da sassauta murya a gaban manya, yau an ce ya ɗaga kai ya yi tsawa a gabansu. Kunya ado ce a gida, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Maganin da ya fi inganci ya fito ne daga Konstantin Stanislavski, wanda ya haɗu da wani abokinsa suka kafa shahararren gidan wasan nan na Masko a 1898. A littafinsa na horar da ɗan wasa, wanda ya fito da Turanci a 1936, ya nuna cewa mai fargaba hankalinsa yana kan masu kallonsa, yana tambayar kansa yadda suke ganinsa. Don haka ya koyar da cewa ɗan wasa ya zana wa hankalinsa ƙaramar da'ira, ya tsare shi a kan abin da ke kusa, kamar wasiƙar da ke hannunsa ko fuskar abokin wasansa, da kuma abin da mutumin da yake kwaikwaya ke nema a wannan lokaci. Wanda ya shagala da roƙon bashi a cikin wasa ba shi da sukunin ƙirga idanun alƙalai. Haka nan ya kawo misalin ɗalibin da aka sa ya ɗaga gefen babban fiyano, sa'an nan aka ba shi lissafi, ya kasa yi sai da ya sauke. Watau ɗaurewar tsoka tana toshe tunani, saboda haka wajibi ne a sassauta kafaɗa da muƙamuƙi kafin a buɗe baki.

Bayan wannan akwai abubuwa uku masu sauƙi. Na farko, a maimaita rabo har ya zauna a harshe, a kuma fi ba jimlar farko ƙarfi, domin a nan aka fi tuntuɓe. Na biyu, a yi bitar a gaban mutane, daga abokai biyu zuwa goma, har ido ya daina yin kwarjini. Na uku, a shaƙi iska a hankali a fitar da ita a tsawaice, gama dogon fitar numfashi yana rage bugun zuciya.

Daga ƙarshe, akwai nauyi a wuyan ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin da hukumomin raya al'adu waɗanda kan zauna a kujerar alƙalanci. Sakin fuska, da gaisuwa, da ba mai tuntuɓe damar sakewa, ba sa rage darajar gwaji. Alƙalin da ya sallami mai rawar murya cikin minti ɗaya, tsoro kawai ya auna; baiwar kuwa ta fita ƙofa ba a gan ta ba.