Kuɗin da Gwamnati Ke Kashewa Wajen Bin Sawun Harsashi: Abin da Ya Faru a Kalifoniya



Bindiga ɗaya takan yi shekara hamsin tana aiki, harsashi kuwa da an harba shi ya ƙare, sai mai shi ya koma kanti. Wannan ne ya sa masu neman rage kisa da ƙananan bindigogi a Amurka suka daɗe suna cewa a tsare ƙofar harsashi. Ina tare da su a wannan tunani. Abin da nake so mu duba yau shi ne nawa tsaron ƙofar ke ci, kuma aljihun wa yake taɓawa.

Amurka ta fara gwada abin da takarda da biro. Dokar tarayya ta 1968 ta wajabta wa dillalai rubuta sunan duk wanda ya sayi harsashi. Littattafai suka taru a kantuna babu mai buɗe su, har a 1986 majalisa ta soke sharaɗin, bayan hukumar ATF mai kula da makamai ta ce ba ta ga wani amfani na a zo a gani a cikinsu ba. Sai dai daga baya masu bincike na cibiyar RAND suka zauna suka karanta irin waɗannan littattafai a birnin Los Angeles, na wata biyu a 2004, suka tarar kashi 2.6 cikin ɗari na masu saye doka ta haramta musu, kuma sun kwashi harsasai sama da 10,000. Ashe bayanin yana nan a rubuce, mai karantawa ne ba a ɗauka aiki ba.

A 2009 jihar Kalifoniya ta kafa dokar AB 962, wadda ta ce duk mai sayen harsashin ƙaramar bindiga sai ya nuna katin shaida ya dangwala yatsa. Kwanaki kaɗan kafin wannan sashe ya fara aiki, a Janairun 2011, wata kotu a Fresno ta rushe shi. Dalilinta mai sauƙi ne: harsasai da yawa suna shiga ƙaramar bindiga, suna kuma shiga doguwa, don haka mai kanti ba shi da hanyar sanin wanne doka ke nufi. Shekaru aka kwashe ana ɗaukaka ƙara, lauyoyin gwamnati kuwa da kuɗin haraji ake biyansu.

A Nuwamban 2016 jama'ar jihar suka amince da ƙuduri mai lamba 63 a akwatin zaɓe, wanda ya haɗa kowane irin harsashi, aka kuma tanadi rancen dala miliyan 25 daga baitulmalin jiha don Ma'aikatar Shari'a ta gina tsarin kwamfuta. Daga 1 ga Yulin 2019, mai kanti ba ya miƙa kaya sai ya shigar da sunanka ta intanet amsa ta dawo. A farko, wanda ke da bindiga a rajistar jiha yana biyan dala 1, wanda ba shi da ita dala 19, ya kuma jira kwanaki.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin nan ne lissafin ya fi karantar da mu. Kwamfutar tana kwatanta sunanka da adireshinka da abin da ke cikin tsohuwar rajistar bindigogi. Matar da ta yi aure ta sauya suna, ko magidancin da ya tashi daga wannan unguwa zuwa waccan, sai na'ura ta ce ba ta san su ba. A hukuncin da alƙali Roger Benitez ya yanke a Afrilun 2020, a ƙarar da zakarar harbi ta Olamfik Kim Rhode ta jagoranta, ya nuna cewa a watanni bakwai na farko an mayar da ciniki sama da 100,000 na mutanen da ba su da laifi, alhali haramtattun da aka tare ba su kai 1,000 ba. Ban raina waɗannan ɗaruruwan ba. Kowane ɗaya daga cikinsu na iya zama ran da aka ceta. Amma mutumin kirkin da aka kora daga kanti ya yi asarar yini, ya kuma tafi da jin cewa hukuma na kallonsa a matsayin mai laifi, kuma wannan asara ba ta bayyana a kasafin kuɗi. Dala ɗayar nan ma ba ta riƙe tsarin ba, a 2025 aka mayar da ita dala 5. A shekarar ce kuma, a watan Yuli, alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya suka ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki.

Jihar New York ta sa irin wannan tanadi a dokarta ta 2013, aka jingine shi a 2015 don rumbun bayanan bai samu ba, sai a Satumban 2023 ya fara aiki, a kan dala 2.50 kowane ciniki. Shekara goma ke nan tsakanin sa hannu da aiki.

Kaso mafi nauyi kuma yana bayan na'ura ta yi ƙara. Gano cewa haramtacce ya zo sayen harsashi yana nufin wataƙila akwai bindiga a gidansa, kuma sai an tura jami'ai su ƙwanƙwasa ƙofa. Kalifoniya na da jerin mutanen da suka mallaki bindiga bisa doka daga baya haƙƙin ya faɗi. A 2013 majalisa ta ware dala miliyan 24 don a kammala karɓe makamansu, amma shekara goma bayan haka sunayen da ke jerin sun haura 20,000. Albashin jami'in da zai yi wannan aiki mai haɗari duk shekara ake biyansa, kuma shi ne abin da masu kawo ƙuduri suka fi saurin tsallakewa idan suna faɗa wa jama'a farashi.